Sharhi: Raba Babban Zane A Keken Surfani, Inda Ribar Teloli Take Zurarewa A Manchok Da Kafanchan

Duk wanda ya taɓa kai shadda wurin mai surfani ana saura mako biyu Salla ko Kirsimeti ya san yadda ciniki yake gudana. A duba yadi, a duba zanen da ya zaɓa, a faɗi kuɗi, a yi tayi, a sa rana. Abin da ba a faɗa wa mai kaya, wanda kuma sau da yawa shi kansa mai shagon bai zauna ya lissafa ba, shi ne sau nawa za a ɗaura wannan yadi a kan keke a kuma kwance shi kafin zanen ya kammala. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar magana ta cikin shago, amma ita ce take yanke hukunci a kan ko telan da ke Manchok, ko Kagoro, ko Kafanchan zai ga riba a babban aiki, ko kuwa wahala kawai ya sha.

Ga yadda matsalar take. Keken surfani mai aiki da kwamfuta, wanda a kasuwa ake kira monogiram, ba ya barin ma'aikaci ya riƙa juya yadi da hannunsa kamar yadda ake yi a tsohon keke. Ana matse yadin ne tsakanin zobba biyu, na ciki da na waje, har ya ɗame kamar fatar kalangu, wannan shi ake kira firam. Allura tana wuri ɗaya tana hawa da sauka, firam ɗin ne yake tafiya gaba da baya, dama da hagu, bisa umurnin da aka rubuta a cikin fayil. Saboda haka iyakar tafiyar firam ita ce iyakar girman zane. Ƙananan kekunan da mai ƙaramin jari yake iya saye suna zuwa ne da fili mai santimita 10 a kan 10, ko 13 a kan 18, masu dama-dama kuma 20 a kan 30. Aikin gaban babbar riga kuwa, daga wuya zuwa ƙasan aljihu, ya wuce duk waɗannan. Haka ma tutar ƙungiya, da mayafin teburin coci, da bayan rigar ango.

Idan irin wannan aiki ya shigo shago, hanya uku ce a gaban mai shi. Ko ya nemi bashi ya sayi babban keke, ko ya ɗauki kayan mutane ya aika Jos ko Kaduna ko Kano a yi masa ya ci ɗan abin da ya saura, ko kuma ya yanyanka zanen gida-gida a cikin kwamfuta, ya ɗinka kashi na farko, ya kwance, ya gusa da yadin, ya sake ɗaurawa, ya ɗinka na biyu, har su haɗu su zama kamar a zama ɗaya aka yi su. Hanya ta ukun nan ita ce ta fi dacewa da mafi yawan shagunan ƙananan garuruwa irin su Manchok, amma da sharaɗi biyu waɗanda galibi ake tsallakewa: a koyi rabon a matsayin sana'a mai zaman kanta, sannan a sa kuɗinsa a cikin farashi.

Raba babban aiki ba baƙon abu ba ne a sana'ar tufafi ta ƙasar nan. Babbar rigar da aka san Zazzau da Kano da Bida da ita tun ƙarni na 19 ba daga faffaɗan yadi ɗaya take fitowa ba. Masaƙi yana saƙa siririn ƙyalle ne wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, maɗinki ya jera su ya haɗa, mai zane ya zo da alƙalami da tawada ya fitar da aska biyu ko aska takwas, da tambari, da gidan biyar, sannan masu aikin allura su zauna a kai, wani lokaci har watanni, kafin a kai wa mabuga. Aljihun da yake ɗauke da mafi nauyin aikin shi ma ƙyalle ne dabam da ake ɗorawa a kan jikin rigar. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ya yi nazarin wannan sana'a a shekarun 1970, ya rubuta yadda aikin riga ɗaya yake ratsa hannuwa da yawa. Wato dai magabata sun daɗe da gane cewa babban ado ana gina shi ne daki-daki.

To sai dai akwai bambanci ɗaya mai girma. Mai aikin hannu yana da ido. Idan yadi ya ɗan ja, ko layin tawada ya karkace, yakan gyara a hankali cikin ɗinkinsa har kuskuren ya ɓace. Keke kuwa makaho ne. Tsarin fayil na DST, wanda kamfanin Tajima na ƙasar Japan ya fito da shi kuma kusan kowane keken kasuwanci yake karantawa, yana auna motsin firam da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Keken zai soka allura daidai inda aka umurce shi, ko da kuwa yadin ba ya inda aka zata yake. Hannun ɗan Adam da yake ɗaura yadi a karo na biyu ba ya kusantar wannan daidaito. Goce na milimita biyu, wanda ba kowa zai lura da shi a kan tebur ba, idan ya faɗa tsakiyar aska sai ya fito fili kamar tabon wuƙa, ana hango shi daga nesa a wurin ɗaurin aure.

A nan ne ya kamata mai shago ya ɗauki biro. A ɗauki misalin zane mai faɗin santimita 28 da tsawon 38. A firam mai 20 a kan 30, ɗauri biyu ya isa, mahaɗa kuma ɗaya ce tak. A firam mai 13 a kan 18, idan an juya shi ta fuskar da ta fi sauƙi, ɗauri shida ake buƙata, mahaɗa kuwa bakwai. A firam mai 10 a kan 10, ɗauri 12 ne, mahaɗa 17. Abin lura shi ne mahaɗa tana ƙaruwa fiye da yadda ɗauri yake ƙaruwa, domin gidan da ke tsakiya dole ya dace da na samansa, da na ƙasansa, da na gefensa. A ƙaddara, don misali kawai, cewa ma'aikaci yana kuskure sau biyu a cikin kowace mahaɗa ɗari. Mai mahaɗa ɗaya zai ɓata riga biyu cikin ɗari. Mai mahaɗa bakwai zai ɓata kimanin 13. Mai mahaɗa 17 kuwa zai ɓata kusan 29, wato kusan riga ɗaya cikin kowace uku, alhali ƙwarewarsu duka ɗaya ce. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa mai keken 10 a kan 10 bai kamata ya karɓi cikakken gaban babbar riga ba, kome daɗin kuɗin da aka taya. Nasa shi ne bajon makaranta, da suna a aljihu, da bakin hannu.

Kuma ɓarnar ba a kan kayansa take faɗawa ba. Tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe, kamfanin KTL da aka buɗe a 1957 ya tsaya a 2002, UNTL kuma ya rufe ƙofa a 2007, dogaro da yadin waje ya ƙaru, shadda mai daraja irin ta Getzner kuwa daga ƙasar Ostiriya take zuwa, da kuɗin waje ake sayenta. Shadda ba ta yafe kuskure. Idan aka warware ɗinki, ramukan allura suna nan, sheƙin wurin ya dushe, sawun firam ma yakan zauna idan an matse da yawa. Telan da ya ɓata yadi biyar na ango ba kuɗin aikinsa kaɗai ya rasa ba, zai biya yadi wanda ya ninka ladansa sau da yawa, ko kuma ya rasa gidan da danginsa baki ɗaya. A gari kamar Manchok, inda kowa ya san kowa, na biyun ya fi tsada.

Sai lokaci. Zane mai sukar allura dubu 60, a keken da yake gudun suka 600 a minti ɗaya, zai ci minti 100 idan zare bai tsinke ba. Idan kowane ɗauri da daidaitawa yana cin minti goma, ɗauri shida ya ƙara awa guda cur, wadda a cikinta keke yana tsaye, janareta kuwa yana shan mai. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, daga baya ma ta zarce haka nesa. Awar da keke yake tsaye ba kyauta ba ce. Amma a mafi yawan ciniki, ana yanke kuɗin surfani ne da ido, bisa girman zane da kyansa, ba a tambayar ɗauri nawa zai ci. Ta wannan ƙofa ribar take fita.

Ganin haka, mai karatu zai iya cewa ai magani a fili yake, a sayi babban keke a huta. Wannan ita ce shawarar da dillalan kekuna suke bayarwa, kuma ba su yi ƙarya ba game da abin da keken yake iya yi. Kekunan masana'anta, waɗanda Tajima ya fara ƙera masu kawuna da yawa daga cikinsu a 1964, suna da faffaɗan firam na tebur da yake ɗaukar gaban riga gaba ɗaya a ɗauri guda, wasu ma riguna da dama a lokaci ɗaya. Na ƙasar Sin sun sauko da farashi ƙwarai. Amma duk da dala ake shigo da su. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024, Babban Bankin Nijeriya kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024, abin da bankunan kasuwanci suke ɗorawa ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sama da haka yake.

A sake ɗaukar misali. Mutum ya ci bashin Naira miliyan 5 da ruwa kashi 30 cikin ɗari. Ruwan kaɗai Naira miliyan ɗaya da rabi ne a shekara, wato 125,000 kowane wata, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Idan babban keken yana rage masa asarar lokaci da ɓarna da ta kai Naira 5,000 a kowace babbar riga, sai ya yi manyan riguna 25 a wata, 300 a shekara, kafin ya biya ruwan banki kawai. Mai shago yana iya sauya waɗannan alƙaluma da nasa, amma tambayar ba ta sauyawa: manyan ayyuka nawa ne suke shigowa a watan da babu biki?

Adam Smith ya yi bayani tun 1776 cewa rabon aiki da ƙwarewa a fanni ɗaya ba sa wuce girman kasuwar da ke ɗauke da su. Abin da ya dace da mai shago a kusa da Kantin Kwari ta Kano, inda dillalai suke kawo riguna da dozin, ba lallai ne ya dace da Manchok ba. Manchok hedikwatar masarautar Moro'a ce a ƙaramar hukumar Kaura, gari ne na manoma da ma'aikata da 'yan kasuwa a kan hanyar Kafanchan zuwa Jos. Cinikin ado a yankin yana bin lokuta ne: Kirsimeti da sabuwar shekara, bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu, Ista, Salla ƙarama da babba, da bukukuwan aure bayan an kawar da amfanin gona. Tsakanin waɗannan, abin da yake riƙe shago shi ne ƙananan ayyuka, waɗanda ƙaramin firam yake yi ba tare da gardama ba. Banki kuwa bai san damina ba, kowane wata yana jiran nasa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Saboda haka ƙwarewa a raba zane ita ce take tsayawa a madadin jari, kuma ta cancanci a dube ta da kyau, domin yawancin ɓarnar da ake ɗora wa keke tun a kwamfuta aka shuka ta. Kuskure mafi yawa shi ne a ja layi miƙaƙƙe a tsakiyar zane kamar ana yanka burodi, don kawai manhaja ta nuna cewa nan ne iyakar firam. Gwani ba ya yin haka. Yana neman inda zanen da kansa ya numfasa, wato tsakanin aska da aska, ko inda launi ya sauya, ko inda wani reshe ya shiga ƙarƙashin wani, sai ya bi da yankan ta nan ko da layin ya yi gwame. Tambari, tun da da'ira ne, ba a raba shi, a gida ɗaya ake gama shi, domin ido ba ya yafe da'irar da bakinta bai haɗu ba. Dogon cikon da zare yake kwanciya sumul, shi ma ba a ratsa shi. Idan ya zama dole a ratsa wani wuri, ana barin kashi na biyu ya hau kan na farko da milimita ɗaya ko biyu, a kuma tsara cewa abin da yake ƙasa shi za a fara ɗinkawa, na sama ya zo ya rufe mahaɗar. A nan zanen gargajiya yana da fifiko a kan furannin da ake kwasowa daga intanet, domin tun asali gida-gida aka ƙirƙire shi.

Akwai kuma halin yadi. Ciko mai kauri yana jan yadi zuwa ciki ta fuskar da zaren yake kwanciya, saboda haka da zarar an gama kashi na farko, yadin ya riga ya ɗan tsuke, ba shi ne wanda aka auna da safe ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara aiki daga wuya ko daga tsakiya a nufi waje, kuma ake zana layin tsakiya da layin kwance da alli a kan yadin gaba ɗaya tun kafin ɗaurin farko. A cikin fayil ɗin ma ana sa 'yan alamomi masu siffar alamar tarawa ta lissafi, waɗanda keke zai ɗinka a ƙarshen kashi na farko, ya kuma fara da su a kashi na biyu. Ma'aikaci yakan sauke allura da hannu a kan kowace alama kafin ya tayar da keke. Idan biyu sun dace, sauran za su dace, idan ba su dace ba, a kwance a sake, daga baya a tsinke alamomin. Wasu sukan buga zanen a takarda daidai girmansa su manna a kan yadin don su ga inda kowane gida zai faɗa. Takardar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin yadi don ta riƙe shi, wajibi ne ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, haka ma zare. Kuma sabon zane ba a fara gwada shi a kan shaddar mutane, a kan yadi mai araha ake gwadawa, a ajiye gwajin ya zama samfurin nuna wa masu saye.

Wata gajeriyar hanya da take lalata aiki ita ce ƙanƙance zane maimakon raba shi. Fayil ɗin DST jerin sukar allura ne kawai, ba hoto ba ne. Idan aka matse shi ya koma rabin girmansa a kan keke, adadin sukar yana nan, sai su cunkushe, zare ya riƙa tsinkewa, allura ta karye, yadi ya yi tauri kamar fata. Wanda ya sayi fayil ta WhatsApp daga wani gari, wanda aka tsara don babban firam, ya kamata ya nemi a aiko masa da shi a rabe daidai da nasa keken, ko kuwa ya nemi ainihin fayil ɗin da ake iya gyarawa.

Dabaru biyu ba sa buƙatar bashi, kuma suna rage haɗarin sosai. Ta farko, akwai dogon firam mai matakai wanda kamfanoni irin su Brother suke yi, mai santimita 13 a kan 30, da ake ɗaurawa a keken 13 a kan 18. Yadi yana nan a matse, firam ɗin ne ake gusarwa daga mataki zuwa mataki. A misalin da ya gabata, ɗauri shida zai koma uku. Ta biyu ita ce ta kakanni: a yi aikin aljihu ko na wuya a kan ƙyalle dabam daga cikin yadin, a ɗora shi a kan riga bayan an gama. Idan kuskure ya auku, rabin yadi ne ya tafi, ba riga ba. Sannan shagon da yake da firam biyu zai iya sa ƙaramin aiki, kamar bajo, ya riƙa gudana yayin da ake daidaita babban, don kada man janareta ya tafi a banza.

Duk wannan ƙwarewa ba ta da amfani ga mai ita idan kyauta yake bayar da ita. A ƙasashen da sana'ar ta zauna da gindinta, ana yanke kuɗin surfani ne bisa kowace suka dubu, a ƙara kuɗin tsara fayil dabam. Abin da ya kamata telolin kudancin Kaduna su ƙara a kai shi ne kuɗin ɗauri. Farashi ya zama kashi uku a rubuce: na suka, na tsara ko raba zane wanda sau ɗaya ake biya, da na kowane ɗauri bayan na farko. Fa'idar wannan ba ga mai shago kaɗai ta tsaya ba. Mai kaya da aka nuna masa cewa zanen nan ɗauri shida ne, wancan kuma biyu, zai iya zaɓen wanda ya dace da aljihunsa, kuma sau da yawa ɗan rage faɗin zane da santimita uku yakan kawar da layin ɗauri guda gaba ɗaya ba tare da rigar ta rasa kwarjini ba.

Za a ce mai kaya zai tsallaka shagon maƙwabci wanda bai san da wannan lissafi ba. Gaskiya ne, wasu za su tsallaka. Amma maƙwabcin da yake karɓar aikin ɗauri shida a kuɗin ɗauri biyu yana cin jarinsa ne, kuma gaggawar da zai yi don ya cike gibin ita ce za ta bayyana a gaban rigar. Araha ba ta ado. Ƙungiyoyin teloli suna da rawar takawa, sai dai a yi hattara: abin da ya kamata su daidaita shi ne yadda ake lissafi, ba adadin kuɗi ba. Haɗa baki a kan farashi yana kare malalaci ne, ya danne gwani.

Wannan ba ya nufin babban keke ba shi da gurbi a yankin. Yana da shi, amma a Kafanchan, kuma ba a kowane shago ba. Garin ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, layin da ya nufi Jos ta Kagoro da Manchok ya ratsa, kuma ko da jirgin ƙasa ya ja baya, hanyoyin mota daga Zonkwa, da Kwoi, da Gidan Waya, da Kaura duk a nan suke haɗuwa. Abin da shago ɗaya ba zai iya cikawa ba, shaguna talatin za su iya. Ɗan kasuwan da ya sa jari a faffaɗan firam, ya tsaya a kan yi wa teloli aiki maimakon ya yi gasa da su wajen yanka da ɗinki, yana da kasuwar da a yanzu take tafiya manyan birane. Telan Manchok zai riƙe duk abin da bai wuce ɗauri uku ba, ya tura sauran tafiyar da za a je a dawo a yini ɗaya. Mallakar mutum ɗaya ko biyu ta fi dacewa da wannan a kan keken ƙungiya, domin a makon Kirsimeti kowane ɗan ƙungiya zai ce nasa ne na gaggawa, ranar da keke ya lalace kuma a rasa mai gyara.

Hukumomin horar da sana'a su ma akwai abin da ya rage musu. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, hedikwatarsa tana Jos, kusa da wannan yanki, ga kuma NDE da SMEDAN. An saba auna nasarar shirin tallafi da yawan kekunan da aka raba a wurin taro. Mako biyu na koyar da tsara fayil da raba shi zai fi ƙara wa shago kuɗin shiga a kan ƙarin keke, kuma tsadar manhaja ba hujja ba ce, domin ban da irin su Wilcom da ake saye, akwai Ink/Stitch wadda kyauta ce. Matashin da ya iya wannan, da kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, zai iya yi wa shaguna goma aiki ba tare da ya mallaki keke ba.

Wanda duk da haka zuciyarsa take kan babban keke, ya fara buɗe littafi na tsawon shekara guda: manyan ayyuka nawa suka shigo a kowane wata, ɗauri nawa kowanne ya ci, minti nawa, yadi nawa aka biya diyyarsa, aiki nawa aka mayar don ya fi ƙarfin firam. Sannan ya dubi kalanda. Salla tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar Salla ta faɗo a ƙarshen Maris, kuma wajen 2033 za ta zo cikin makon Kirsimeti, kamar yadda ta yi a watan Disamban 2000. A yankin da Kirista da Musulmi suke ɗinki a shago ɗaya, lokutan ciniki da a yanzu suke a warwatse za su riƙa matsowa kusa da juna, aiki ya taru a 'yan makonni, watannin zaman jira kuma su ƙara tsawo. Keken da aka saya bana zai kai waɗannan shekaru yana aiki, saboda haka da wannan kalandar ya kamata a lissafa kuɗinsa.